A Sauke da Gaggawa Ko a Bi a Sannu? Hawan Jinin Ido na Farat Ɗaya a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Akwai ciwon ido da ba ya yin sallama. Yakan faɗo ne da almuru ko cikin dare, galibi a kan wanda ya haura shekara hamsin, kuma ya fi samun mata. Ido ɗaya zai kaɗa ya yi jajir, in an taɓa shi ta saman fata a ji ya yi tauri, kai ya ɗauki sara ta wannan ɓarin, zuciya ta riƙa tashi har ta kai ga amai. Idan mai ciwon ya dubi fitila sai ya ga launukan bakan gizo sun kewaye ta. Kafin gari ya waye, da ƙyar zai ƙirga yatsun da aka ɗaga a gabansa. A ƙauyukan Bakori da Ƙafur da Ɗanja da Ɗandume, wanda ke amai da ciwon kai zazzaɓi ko taifot ake zarga, don haka sau da yawa kemis ake nufa, a ɗaura ƙarin ruwa, a yi allura, jan idon kuwa a ce zafin ciwo ne ya kawo shi. A wasu gidajen a ce jifa ne.

Abin da ke faruwa a cikin idon sananne ne. A bayan baƙin ido ana samar da wani ruwa garai-garai dare da rana, ya ratso ta ƙwayar ido zuwa gaba, ya fice ta wata 'yar magudana da ke kusurwar da baƙin ido ya haɗu da gilashin gaban ido. Muddin shiga da fita sun daidaita, matsin cikin ido yakan tsaya tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likitoci. Ranar da kusurwar ta rufe, ruwa na shiga ba ya fita, cikin 'yan sa'o'i matsin zai kai 50 ko 60, wani lokaci ya haura 70. Wannan shi ne nau'in gilokoma na farat ɗaya, ɗan'uwan hawan jinin idon nan da ke cin gani a hankali, shekara da shekaru, ba tare da zafi ba.

Babu likitan da zai ce a ƙyale matsi irin wannan. Inda aka rabu shi ne: da wane irin sauri za a sauke shi, da me, a hannun wa, kuma a ina? Abin da ya haifar da tambayar ya samo asali ne daga wani abu da aka riƙa gani a bayan ido bayan an yi nasarar sauke matsin.

A shekarar 1992 Dokta Robert Fechtner da abokan aikinsa a Amurka suka wallafa bayanin wasu majinyata da aka yi wa tiyatar gilokoma. Aiki ya yi kyau, matsi ya sauka, amma da aka leƙa cikin idon sai aka tarar da ɗigo-ɗigon jini warwatse a kan ratina, wato tantanin da ke shimfiɗe a bayan ido, wanda ke karɓar haske ya miƙa wa jijiyar gani. Daga nan rahotanni suka riƙa fitowa daga ƙasashe daban-daban. An gan shi bayan tiyata, an gan shi bayan huda gaban ido da allura domin rage ruwa, an gan shi bayan aikin leza, har ma, nadiran, bayan magani kawai. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne, yayin da matsi ya yi yawa, ƙananan hanyoyin jinin ratina a danne suke, kuma sun buɗe iya buɗewarsu don jini ya samu ya kutsa. In aka janye matsin lokaci guda, jini zai kwararo da ƙarfi cikin hanyoyin da suka riga suka galabaita, kafin su tsuke sai wasu su tsage. Mai noman rani a fadamun Ɗanja ya san irin wannan: in aka taka tiyo injin na aiki, aka ɗage ƙafa a lokaci guda, inda tiyon yake da rauni nan yake fashewa. Wasu masana kuma suka ce wani faranti mai ƙananan ramuka da jijiyar gani ke ratsawa ta cikinsa ne yake matsowa gaba idan ido ya yi laushi kwatsam, ya shaƙe babbar hanyar da jini ke fita daga ratina na wani ɗan lokaci.

Wannan zubar jinin ba shi kaɗai ba ne. Akwai wanda ya fi shi muni, inda jini ke ɓallewa a ƙarƙashin ratina, tsakanin tantanin jini da ɓawon ido, ya tura komai zuwa gaba. Wannan yana iya halaka ido baki ɗaya, kuma ya fi samun tsofaffi, da masu hawan jini, da idon da aka buɗe alhali matsinsa na sama. Akwai kuma idon da ya yi laushi fiye da kima bayan tiyata, har cibiyar ratina, wurin da muke karatu da gane fuska da shi, ta yamutse.

Masu cewa a bi a sannu daga nan suke ɗauko hujjarsu, kuma ba hujjar matsorata ba ce. Sun san cewa a shekarar 2002 Farfesa Dennis Lam da abokansa a Hongkong sun nuna cewa siririyar allura a gefen gilashin ido tana iya sauke matsi daga sama da 60 zuwa ƙasa da 20 nan take, zafi ya ɗauke, amai ya tsaya. Amma suna tambaya, a ina aka yi wannan? A asibitin da ke da na'urar duba ido mai ƙara girma, da ƙwararren da ya saba da aikin, da likitan ratina a kusa. A idon da kusurwarsa ta rufe, sararin da ke tsakanin gilashin gaba da madubin cikin ido ya matse ainun. Kuskure kaɗan allura ta taɓa madubi, yanar ido ta biyo baya, ko ƙwayar cuta ta shiga. Idan kuma jinin da ya zuba ya kwarara cikin ruwan nan mai kauri da ya cika tsakiyar ido, ya ƙi washewa, tiyatar da za ta kwashe shi sai a manyan cibiyoyi irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, kuma kuɗinta ba na buhu ɗaya ko biyu na masara ba ne. Kada garin neman gira a rasa ido, in ji su.

Hujjarsu ta biyu ta fi shafarmu kai tsaye, domin magungunan sauke matsin ma ba ruwan sha ba ne. Babban makamin shi ne asetazolamaid, wanda aka fi sani da Diamox, da aka fara amfani da shi a kan gilokoma tun 1954. Wannan magani yana ƙara tsamin jini da na ruwan ido, abin da ke sa ƙwayoyin jinin mai sikila su lanƙwashe. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yana ɗauke da rabin gadon sikila, da yawa ba su ma sani ba. A ce yaro ne a Ƙanƙara karan dawa ya soke shi lokacin girbi, ko bulala ta same shi, ko danƙo ya tsinke ya daki idonsa, jini ya taru a gaban ido, matsi ya hau. In yana da wannan gadon, lanƙwasassun ƙwayoyin jini su ne ke toshe magudana, kuma jijiyar ganinsa tana lalacewa a matsin da wani zai jure. A ba shi Diamox da niyyar taimako, sai a ƙara toshe hanyar. Manitol da ake ɗaurawa ta jijiya yana iya jefa mai ciwon zuciya ko ƙoda cikin hatsari. Timolol na ɗigawa yana tayar da asma, yana rage bugun zuciya. Filokafin, mai tsuke ƙwayar ido, ba ya aiki sosai yayin da matsi ke sama, kuma a wasu idanun ƙara rufe kusurwar yake yi.

Wannan ya kai su ga batu na uku: ba kowane ido mai tauri ba ne ciwonsa ɗaya. Babban binciken makanta da aka gudanar a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007, wanda ya duba mutane fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya nuna kimanin kashi 5 cikin 100 suna da gilokoma. Dokta Fatima Kyari da abokan aikinta, da suka fitar da bayanin a 2015, sun gano cewa cikin masu cutar da aka duba kusurwar idonsu kashi 86 mai buɗaɗɗiyar kusurwa ne, kashi 14 mai rufaffiya. Kashi 8 na dukkan masu cutar kuwa wani abu ne daban ya jawo musu, kuma a sahun gaba akwai tura yanar ido da masu aikin gargajiya ke yi da tsinke, sai rauni, sai kumburin cikin ido. A ƙara da yanar da aka bari ta nuna har ta kumbura ta tokare kusurwa, wadda maganinta shi ne a cire ta. A ƙara da mai ciwon suga da sababbin hanyoyin jini marasa ƙwari suka tsiro suka rufe masa magudana, da wanda ya shafe watanni yana ɗiga maganin ƙaiƙayin ido mai sitiroyid da ya saya a kemis. Kowanne da hanyar da ake bi da shi. Wanda ba shi da kayan da zai bambance su, in ji masu wannan ra'ayi, gara ya ba da maganin rage zafi ya tura gaba.

Amma hujjar da na fi jin nauyinta ita ce ta amana. A karkara labarin ido ɗaya yakan zagaye gunduma guda. Tsohuwa ta je asibiti tana ganin dishi-dishi, ta dawo tana cewa wani baƙin abu ya tare mata gani, to ba wanda zai tsaya tantance ko ciwon ne ko maganin, abin da za a ce a wurin suna da zaman makoki shi ne, "An taɓa mata ido a asibiti ya mutu." Binciken da Dokta Mansur Rabi'u ya wallafa a 2001 kan wata karkara ta Jihar Katsina ya nuna waɗanda suka kai yanarsu ga masu tura ta da tsinke sun fi waɗanda aka yi wa tiyatar asibiti yawa. A Bauchi, Dokta Mohammed Abdull ya ba da rahoton cewa mafi yawan masu gilokoma suna zuwa ne a makare, kuma ƙalilan ne cikin waɗanda aka ba shawarar tiyata suka dawo aka yi musu. Gilokoma dama cuta ce mai wuyar tallatawa, domin tiyatarta ba ta dawo da ganin da ya tafi, tsare wanda ya rage kawai take yi. Duk wani jini da ya biyo bayan magani ƙarin dalili ne ga mai neman dalilin gudun asibiti.

Ɗaya ɓangaren, masu cewa a sauke shi yanzu-yanzu a duk inda aka samu mai ciwon, ba su musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da suke cewa shi ne a ɗora su a kan sikeli. Wani bincike daga Koriya ta Kudu ya samu ɗigo-ɗigon jinin nan na ratina a kimanin ido 3 cikin 100 da aka yi wa tiyatar gilokoma. Wani nazari da aka wallafa a 2013, wanda ya tattara rahotannin da suka fito tun daga 1992, ya nuna kusan kashi 80 na waɗanda abin ya samu ba su ma ji wani sauyi ba, likita ne ya gani da ya leƙa. Jinin yakan washe da kansa, a matsakaici cikin kimanin wata uku, kuma mafi rinjaye ganinsu ya koma yadda yake kafin nan. Tsiraru ne suka buƙaci tiyatar kwashe jini.

A ɗaya hannun sikelin kuma me ke akwai? Jijiyar gani ba ta sake tsirowa. Tana ɗauke da zare fiye da miliyan ɗaya, duk wanda ya mutu ya tafi ke nan. Idan matsin cikin ido ya kusanci ƙarfin da jini ke shigowa da shi, ratina da kan jijiyar suna cikin yunwar jini. Farfesa Sohan Hayreh na Jami'ar Iowa ya nuna a gwajin da ya yi kan birai cewa in aka toshe babbar hanyar da ke kai wa ratina jini gaba ɗaya, tana jurewa na kimanin sa'a ɗaya da rabi, bayan sa'a huɗu kuwa ɓarnar ba ta gyaruwa. Hawan matsi ba ya toshe hanyar ɗungurungum kamar haka, shi ya sa ake samun kwana ɗaya ko biyu na fata, amma agogon yana tafiya. A Singafo, ƙasar da ke da asibitocin ido na a zo a gani, binciken da Farfesa Tin Aung da abokansa suka fitar a 2004 ya bi sawun waɗanda wannan ciwo ya taɓa samu, bayan kimanin shekara shida aka tarar kusan kashi 18 sun makance a wannan idon, kusan rabi kuma jijiyarsu ta taɓu. Wannan fa a wurin da asibiti ke kusa da kowa.

Sai su juyo da tambayar gida: idan malamin asibiti ya ce "a tafi gaba", me kalmar ke nufi a ƙasar nan? Daga Funtuwa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika tafiya ce da ba ta kai kilomita 80 ba. Daga Malumfashi ana iya nufar Kano, inda asibitin ido na ECWA yake aiki tun 1943, ga kuma asibitin ido na Makka da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ko a nufi Katsina. A taswira kusa ne. Amma wanda ciwo ya kama da ƙarfe tara na dare a wani ƙauye na Faskari ko Sabuwa, a shekarun nan da 'yan bindiga suka sa hanya ta zama abin tsoro bayan faɗuwar rana, ba zai motsa ba sai safiya. Da safe sai an nemi mai babur, sai an nemo kuɗi, in da damina ne rumbu ya yi ƙasa kuma kuɗi sun tafi ga taki, sai an jira babban ɗa ya yanke shawara. In mace ce sai an sami mai rakiya da wanda zai riƙe gida. Kwana uku ko biyar sun wuce ba a ankara ba. Tura mutum gaba hannu rabbana, ba tare da an fara sauke matsin ba, a zahiri yanke masa hukuncin ƙarin kwanaki ne a matsi 60.

Akwai kuma wata hujja tasu da nake ganin ita ce ta karya ƙashin bayan dogon jira. Kusurwar da ta rufe yau, in aka sauke matsi aka huda baƙin ido da leza, ko aka yanke ɗan gefensa kamar yadda Albrecht von Graefe ya fara yi a Jamus tun wajen 1857, tana iya buɗewa ta ci gaba da aiki. In ta kwana da yawa a rufe, sai baƙin ido ya manne da magudana, ya yi tabo, leza ba za ta wadatar ba. Daga nan sai babbar tiyata, wadda ake buɗe wa ruwa sabuwar hanya ta ɓawon ido, irin wadda John Cairns ya bayyana a Ingila a 1968. To, wannan tiyatar ce aka fi samun zubar jinin ratina a bayanta. Wato wanda ya yi jinkiri don gudun jini, ya tura mai ciwon ne zuwa ga aikin da jinin ya fi biyo bayansa, da idon da hanyoyin jininsa suka daɗe a danne.

A nan ne nake ganin muhawarar ta ɗan karkace, domin ɓangarorin biyu suna amfani da kalmar sauri a kan abubuwa biyu mabambanta. Allura da wuƙa suna sauke matsi cikin daƙiƙoƙi. Ƙwaya da maganin ɗigawa da ƙarin ruwa suna sauke shi ne cikin rabin sa'a zuwa 'yan sa'o'i, kuma wannan a ma'aunin hanyoyin jini tafiya ce a sannu. Don haka fara magani nan take ba ya karo da saukewa a hankali. Abin da ya kamata a gaggauta shi ne farawa. Abin da ya kamata a yi a natse shi ne buɗe ido.

Ra'ayina ke nan, kuma ba na ɓoye shi: na fi karkata ga masu gaggawa a kan magani, na fi karkata ga masu taka-tsantsan a kan allura da tiyata. Babban asibitin Funtuwa da na Malumfashi, da ƙananan asibitocin da ke kewaye da su, bai kamata a ce mai wannan ciwo ya fita daga cikinsu ba tare da an fara masa komai ba. Ba sai da na'ura mai tsada ake zarginsa ba. Yatsu biyu a kan rufaffen ido, a kwatanta da ɗaya idon, da tocila a ga gilashin ido ya yi hazo, ƙwayar ido ta tsaya a buɗe ba ta motsi, sun isa su sa a farga. Ma'aunin Schiotz da aka ƙirƙiro tun 1905 ba ya buƙatar wutar lantarki. Kafin a ba da magani akwai tambayoyin da ba su cin minti biyu: akwai sikila a gidanku? Kana da asma? Ciwon zuciya ko na ƙoda fa? Maganin salfa ya taɓa ɓata maka jiki? An bugi idon ne, ko an taɓa tura yana? Amsoshin su ne za su nuna wane magani za a ɗauka, wane za a ajiye. Hujjar masu taka-tsantsan kan sikila gaskiya ce tsagwaronta, amma abin da take buƙata shi ne a koya wa ma'aikacin lafiya tambaya da gwajin jini, ba a ɗaure masa hannu ba. Sannan a rubuta takarda da ke faɗin abin da aka bayar da lokacin da aka bayar, a buga waya ga asibitin da za a je, a gaya wa dangi cewa yau ake tafiya ba ranar kasuwa ba.

Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga ciwon idon da ba ya jiran gobe. Tun a shekarun 1970, lokacin da masu bincike daga Zariya da Ingila suka yi aiki a Malumfashi kan cututtukan karkara da saran maciji, an rubuta yadda tofin gamsheƙa ke ɓata idon manoma. Kowane manomi ya san in ta tofa maka ba a cewa bari a gama kunya, ruwa ake nema a wanke nan take. Wannan sanin ne ya kamata a faɗaɗa ya haɗa da jan ido mai tauri da amai.

Shi kuwa likitan ido da zai karɓi aikin, darasin da rahotannin suka bayar a fili yake. A rage matsi da magani gwargwadon iko kafin a shiga ɗakin tiyata. In za a buɗe, a fara da ɗan ƙaramin huji, a saki ruwa kaɗan-kaɗan, a dakata, a sake saki. A kula da hawan jinin majinyaci, a hana shi yunƙuri da tari da amai gwargwadon hali. Bayan aiki a leƙa ratina, in an ga ɗigon jini kada a ruɗe a ɗauka babbar hanyar jini ce ta toshe, a shiga allurai masu tsada da ba a buƙata. A duba da kyau, in wannan ne a sa ido a kai a ba shi lokaci.

Akwai wurin da ban ga amsa mai daɗi ba, kuma ba zan yi kamar na gani ba. Yaro mai gadon sikila, jini cike da gaban idonsa, matsi ya ƙi sauka da 'yan magungunan da suka halatta a gare shi. Likitocin ido sun daɗe da ƙa'idar da Dokta Morton Goldberg ya kafa, cewa irin wannan ido in ya wuni ya kwana da matsi sama da 24 to a wanke jinin ta hanyar tiyata. A nan jira ya fi hatsari fiye da ko'ina, maganin da aka saba da shi kuma haramun ne, abin da ya rage sai hannu. Duk da haka ba zan ce wanda bai koyi aikin ba ya ɗauki allura. Abin da wannan yaro ke nunawa shi ne yankin da ke ciyar da kasuwannin hatsi na Ɗandume da Bakori, wanda audugarsa ta sa jirgin ƙasa ya ratsa Funtuwa tun ƙarshen shekarun 1920, ya cancanci ƙwararrun likitocin ido mazauna, da leza, da ɗakin tiyata mai aiki kowace rana, ba sai an jira ayarin aikin ido kyauta da ke zuwa lokaci-lokaci ba. Waɗannan ayarin suna da amfani ga yana. Ciwon farat ɗaya ba ya duba jadawalinsu.

Batun amana kuwa, wanda na ce ya fi min nauyi, ba jinkiri ke maganinsa ba. Idon da ya mutu saboda an makara shi ma a kan asibiti za a ɗora laifinsa. Abin da ke tsare amana shi ne maganar da aka yi kafin a fara, a gaban ɗa ko miji ko wanda ya kawo ta, da Hausar da za su gane: "Inna, ruwan idonki ne ya taru ya danne jijiya. Za mu sauke shi yanzu. Ganin da ya riga ya tafi ba lallai ya dawo duka ba, muna ƙoƙarin tsare wanda ya rage ne. Wani lokaci bayan an sauke, ɗan jini yakan zuba a bayan ido, ki ga baƙin ɗigo ko duhu-duhu. Galibi yana washewa cikin makonni ko watanni. In kin ga haka ki dawo mana, kada a ɗiga komai, kada a kai ki wurin mai tsinke." Iyalin da suka ji wannan tun farko, in abin ya faru, za su ce likita ya faɗa. Waɗanda ba a gaya wa ba za su ce an ɓoye musu.

A cikin wannan zaman ne kuma ya wajaba a yi maganar ɗaya idon, domin ƙirarsu ɗaya. In ba a yi masa rigakafi ba, kusan rabin masu wannan ciwo yakan afka wa na biyun cikin 'yan shekaru, alhali ɗan hujin leza na 'yan mintoci, wanda ake yi wa idon da matsinsa ke daidai, yana kusan kawar da wannan hatsarin. Mutum ne zafi ya sake shi, masara na jiran girbi, ga kuɗin mota ya ƙare, kana ce masa a taɓa idon da bai taɓa yi masa ciwo ba. Da wuya ya dawo don wannan kaɗai. Saboda haka a yi wa idon na biyu aikinsa a wannan zuwan, kafin a sallame shi.